Tsohon da Ke Jiran Mai Guntuwar Jela

Ke dai bari, tsohon nan ya tsaya min a rai. Kwana shida ke nan yana zuwa tashar jirgin ruwa ta bakin kogin Brisbane, inda nake sayar da kofi, amma ba ya shiga jirgi. Hularsa ta koɗe, ƙafafunsa kamar sillen kara, hannunsa riƙe da 'ya'yan inabi uku.

Sanyi ya wuce, ƙadangarun ruwa suna fitowa daga ramukan da suka yi watanni suna barci. Shi dutse ɗaya kawai yake kallo.

Na ce, "Baba, budurwa ce ta shanya ka?"

Ya ce, "Clarrie nake jira, 'yar nan. Ƙadangare mai guntuwar jela. Matata Noeleen ce ta raɗa masa suna, shekara sha huɗu ke nan. Bara da ƙyar yake hawa dutsensa."

Ban tambayi ina Noeleen take ba. Zoben aure biyu ne a yatsarsa, nasa da nata.

Ya tuna min kakana. Tare muke korar irin waɗannan ƙadangarun, su faɗa ruwa tsulum, mu yi ta jira har mu gaji.

Yau ga wani ƙato mai jan ƙirji a kan dutsen Clarrie, jelarsa cikakkiya, yana gyaɗa kai kamar gadon ubansa. Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Ya ajiye masa inabi ɗaya, ya mayar da biyu aljihu.

To ke, in gobe ya dawo, za ki iya buɗe baki ki ce masa ya daina jira?