Haƙoran Muquan Mai Algaita

Yayana Muquan bai iya zama wuri ɗaya ba. Tun muna yara a garinmu Chaozhou, in ka gan shi zaune, to algaita ce a bakinsa. Shekara arba'in yana busa a biki da makoki, kuma sana'ar duk a kan haƙoransa huɗu na gaba take, don su ke tokare masa leɓe.

Da ciwon daji ya kama shi a bayan hanci, aka gasa wurin da haske a asibiti. Ciwon ya tafi, amma ya tafi da yawunsa. Baki ya bushe ƙamas. Sai ya yi ta safa da marwa a tsakar gida da kwalbar ruwa, ya kurɓa, ya tofar, ya zagi kwalbar.

Ni kuwa, uwar iyawa, na yi abin da kowace mace a layinmu za ta yi. Na cika masa aljihu da ɓawon lemun nan da muke jiƙawa da sukari, wai ya jawo yawu. Shekara biyu yana tsotsa.

Da haƙoransa suka fara ruɓewa, muka je wurin likitar haƙori. Likita Xu ta leƙa bakin.

"Kawu, me kake tsotsa?"

"Tambayi ƙanwata, ita ce babbar likita."

Ta ce yawu ba ruwa ba ne kawai, akwai ƙananan sinadarai a cikinsa masu kashe ƙwayoyin cuta. Nasa sun ƙare, ni kuma ina kiwon ƙwayoyin da sukari. Ta ba shi ruwan kuskure baki mai irin sinadaran.

"Zan ci gaba da busa?"

"Biyu cikin huɗun za mu iya ceta. Wataƙila."

A hanya ya ce, "Ke dai, da guba kika ba ni, da an gama tuntuni." Yana dariya, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Biyun sun tsaya, amma iska na zurarewa, sautin yana rawa. Masu biki sun daina kiransa, sai masu makoki.

Jiya ya dawo daga jana'iza, ya kasa zama, yana ta zagaye teburi.

"Tsohuwar ta kai casa'in da shida," ya ce. "'Ya'yanta suka ce ta sha duniya, a yi mata taken murna. Na busa musu taken murna. Kowa ya fashe da kuka."