Shuɗin Keke a Shagon Yaya Awudu

Watan nan Yaya Awudu ya cika shekara tara a ƙasa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan sa a dama koko, a soya ƙosai, a raba wa maƙwabta, malamai su yi masa addu'a, in koma bakin ɗinkina. Ban taɓa tunanin rubuta wani abu a jarida ba. Bana dole ta sa, kuma gara in faɗa tun farko cewa ba da sanyin zuciya na ɗauki biro ba. Raina a ɓace yake, ƙyama ce fal cikina. Akwai wani bawan Allah da ban san sunansa ba, yana yawo a titunan Tamale bisa keken da zai iya karya masa wuya, kuma a shagon da ke ɗauke da sunan yayana ya saye shi. Saboda shi nake wannan rubutu.

Awudu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Fita ne, mai gyaran keke, a wata rumfar kwano a bakin hanyar Changli. Waɗanda suka san garin nan lokacin da kowane gida ke da keke uku ko huɗu, mata na tuƙawa da buhun masara a baya da goyo a gadon baya, sun san shi. Kowane irin keke yana gyarawa, amma ransa na kan keken tsere, mai siririyar taya da hannu lanƙwasasshe kamar ƙahon rago. Shi ya koya mini hawansa. Ranar Lahadi idan muka idar da sallar asuba sai mu kama hanyar Kumbungu, shi a gaba ni a baya, ina haki yana waiwayowa yana ce mini malalaci. Ba ma juyowa sai rana ta fara cizo.

Yadda yake sayar da keke shi ne abin da ya sa wasu ke ce masa mai taurin kai. Yana da wata igiya mai ƙulli-ƙulli a rataye jikin ginshiƙin rumfa. Ko wa ka zama, sai ka tuɓe takalmi ka jingina da bango ya auna tsawon ƙafarka tun daga ƙasa har matsematsi. Idan ka fara noƙe-noƙe sai ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan nan ya ɗora ka kan sirdi, ya sa dunduniyarka a kan feda, ya yi ta ɗagawa yana saukewa har sai ƙafa ta miƙe daidai. Na ga ranar da wani Alhaji gajere, mai manyan motocin dakon doya, ya nace sai wani dogon keke ja. Awudu ya ce masa, "Alhaji, wannan ba naka ba ne. Ka je wani wuri su sayar maka, amma ba da hannuna ba." Alhajin ya tafi yana zage-zage, Awudu ya koma kan tayar da yake wa liƙi.

Ni dai aure da 'ya'ya suka zaunar da ni. Tela ne ni, na fi shekara ashirin ban taka fedar da ta wuce ta ɗinki ba. Tumbi ya fito, ƙafa ta fara kumburi. Da azumin bana ya wuce likita ya duba ni ya ce jinina ya hau, sukari ma ya leƙo, idan ban motsa jiki ba magani kaɗai ba zai riƙe ni ba. Na ce to, abin da na iya shi zan koma wa. Ina kuma zan nufa in ba shagon yayana ba?

Ɗansa Rashidu ne ke riƙe da wurin yanzu, magidanci mai 'ya'ya uku, ba yaro ba. An rushe rumfar kwano an gina shago mai gilashi da tayil, kekuna hom-yus, wato na hannu da ake kawowa daga ƙasashen waje a kwantena, a jere suna sheƙi. A sama kuwa ga sunan Awudu da manyan haruffa, ya fi ƙofar faɗi. Wallahi da na gani sai da idona ya ciko, na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Rashidu ya taso da sauri, ya durƙusa ya gaishe ni, ya kawo kujera da ruwan sanyi. Da na faɗa masa maganar likita sai ya shiga ciki ya turo wani shuɗin keken tsere, fentinsa kamar yau aka yi shi. Ya ce, "Baba Ƙarami, wannan kai ya dace da shi."

A nan na yi wautar da har gobe nake jin kunyarta. Ni da ban taɓa sa almakashi a yadin mutum ban auna shi ba, na ga babu igiya, babu tambayar tsawo, ban nemi a auna ni ba. Na ce a raina kunya ce, ɗa ba zai sa hannu ya auna matsematsin ƙanin ubansa ba. Ni ma kunyar ta hana ni in durƙusa in dudduba keken kamar wanda ya zo sayen akuya a hannun baƙo. Yaya za a yi in bincike ɗan Awudu a ƙarƙashin sunan Awudu? Na sa masa albarka, na tura kekena na fito ina washe baki.

Sati biyu na yi ina hawa, sati biyu ina tsine wa abin da garin nan ya zama. Hanyar keke da aka ware a gefen manyan tituna, wadda muke taƙama da ita a gaban baƙi, yanzu teburan masu sayar da takalma ne a kai, da mai gasa masara, da yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, da ya tsaya lodin fasinja. Mai moto, wato babur, ya taho ta hannunka a guje, ya kusa kwashe ka, ya juyo ya zage ka. Ledojin ruwa sun toshe kwata, ruwan ƙazanta ya malalo, siririyar taya ta watsa maka shi har gemu. Nakan tambayi kaina me Awudu zai ce da ya ga wannan. Ina jin tsaki kawai zai ja, shi da ko ɓawon gyaɗa ba ya yarda a zubar a gaban rumfarsa. Ga bayana na ciwo, wuyana ya sage, hannuwana a miƙe kamar mai ɗauko kaya daga saman kabad. Ga kuma wata 'yar ƙara, ƙis, duk sanda na matsa birkin gaba.

Na ɗauka tsufa ne da rashin saiti. Sai na kai keken wurin Fuseini a Sagnarigu don ya daidaita mini sirdi da hannu. Fuseini Badagombe ne, shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyon aiki a hannun Awudu, yanzu shi ma furfura ta cika masa gemu. A gindin bishiyar nim, wato darbejiya, yake aiki, ba shago ba allon suna. Kallo ɗaya ya yi mini, ya kalli keken, ya ce da irin Hausarsa, "Masta, keke nan ya fi ka girma. Ko na sauke sirdi har ƙasa, bayanka ba zai huta ba." Na ba shi labarin ƙarar. Ya matse birkin gaba, ya tura keken gaba ya dawo da shi baya sau uku, kunnensa a kusa da ƙarfen. Sai ya zaro wuƙa daga aljihu ya fara kankare fentin a wuyan keken, daidai inda ƙafafu biyun da ke riƙe tayar gaba suka haɗu.

Shuɗin ya tashi, wani farin ƙullu irin wanda masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi ya biyo baya yana zuba kamar garin rogo. Ƙarƙashinsa ga tsagi nan ya kusa zagaye ƙarfen, an ɗan ɗiga masa walda wuri biyu kamar yadda ake ɗaurin wucin gadi kafin a yi ɗinki. Fuseini ya sa babban yatsa ya danna, tsagin ya buɗe baki. Kwana biyu kafin nan na gangaro wata gangara a hanyar Kumbungu da gudu, wata babbar motar yashi na bayana. Fuseini ya tambaye ni inda na saya. Allah ya gafarta mini, na ce a kasuwa. Ya dube ni, ya duƙar da kai ya ci gaba da goge wuƙarsa, na san bai yarda ba.

A ƙafa na tura keken tun daga Sagnarigu har Changli, don in huce kafin in isa. Ban huce ba. Na jingina shi a gaban Rashidu na nuna masa wurin da yatsa. Da ya ce bai sani ba, da na yi masa uzuri, don kayan kwantena sai Allah. Amma sosa ƙeya ya yi, ya yi 'yar dariya, ya ce, "Baba Ƙarami, ai ban zaci da gaske za ka hau ba. Duk dattawan da likita ke turowa sati ɗaya suke yi su jingine a zaure. Bizines ne, ba za a zubar da kaya ba."

Tir! Na ji maganganun banza a rayuwata, ban taɓa jin wadda ta tayar mini da zuciya kamar wannan ba. Ashe auna ni ya yi, ba da igiya ba, da ido: ya ga tumbi da furfura, ya yanke cewa ga inda za a zubar da shara. Durƙuson nan da ruwan sanyin nan duk cikin cinikin suke. Kunyar mara kunya asara ce, ni na yi asarar. Da na matsa masa ya faɗi gaskiya: kekuna biyar ne suka zo a karye, ya kai aka cike aka fesa musu shuɗi iri ɗaya, ya sayar da uku. Ɗaya ni. Ɗaya wani malamin makaranta mai ritaya a Nyanshegu. Na ukun wani dattijo ne da ya zo shi kaɗai, bai bar suna ba, bai bar lamba ba.

Malamin na same shi washegari. Shi kam hasashen Rashidu ya faɗa daidai a kansa, keken na zaure an shanya masa tabarmar salla. Na nuna masa tsagin, ya yi ta salati. Biyun da suka rage a shago na tsaya a kai aka yanka su da zarto a gabana. Daga nan na wuce wurin Mma Salamatu, matar Awudu, mahaifiyar Rashidu, ƙafata na nauyi, don hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma shagon nan shi ke ciyar da ita da jikokinta. Na faɗa mata komai, na ce ina so a sauke allon sunan Awudu daga saman shagon. Ta ajiye carbin da take ja. Sannan ta ce, "Sau ɗaya na yi wa mijina takaba. Ba zan zauna ina kallo ana sake kashe shi ba. Ku sauke." Aka sauke. Yana ɗakinta yanzu, an juya fuskarsa bango. Rashidu ya daina gaishe ni, 'yan uwa sun rabu biyu, wasu na cewa na tona asirin gida. Su faɗa.

Na zauna na yi ta tunanin me ya rage na Awudu bayan shekara tara. Igiyarsa ta ɓata ranar da aka rushe rumfa. Hanyoyin da ya so sun zama kasuwa. Sunansa ya faɗa hannun wanda ya mayar da shi tarko, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Abin da na samu da rai shi ne kunnen Fuseini a jikin ƙarfe, da wannan hali na ƙin miƙa wa mutum abin da zai cuce shi ko da zai tafi yana zagi. Wannan bai bi jini ba, kuma ya yi mini ciwo in rubuta haka. Fuseini na harhaɗa mini wani tsohon keke daidai tsawona, ya ce sai ya fara hawansa da kansa har Savelugu kafin ya ba ni. Allah ya jiƙan Yaya Awudu, ya haskaka kabarinsa, ya shiryi abin da ya bari.

Saura kai, dattijon da ban sani ba. Na tsaya a bakin hanyar Kumbungu da ta Nyankpala safiya bakwai ina duba duk mai shuɗin keke, na yi cigiya a masallatai uku, ban same ka ba. Rashidu ya ce dogo ne kai, kana da farin gemu, ka ce likita ne ya ce ka motsa jiki, ka kuma ce ka zo shagon ne don ka san mai sunan tun yana raye. Ka san shi kam, kuma da yana nan da bai ba ka wannan keken ba. Idan kai ne ke karanta wannan, ko ɗanka, ko maƙwabcinka, don girman Allah kada ka ce bari in ƙarasa gida tukuna. Ka sauka a inda kake, ka tura shi da hannu.