Likitar da Ta Buɗe Tafin Hannun Kafinta

A gidansu Auta ake ce mata, a asibiti kuwa ma'aikata sun laƙaba mata Sai-Kuma-Me. Sunan ya fito ne daga yadda take zama da mara lafiya. Za ta ja kujera ta saurare shi har ya gama zayyana ciwonsa kaf, yana jiran a rubuta magani, sai ya ji ta ce, "To, sai kuma me?" Tun tana ƙarama haka take. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, kuma ita kaɗai cikin 'ya'yansa take zama a shago ta ishe shi da tambaya har ya ce, "Auta, don Allah je ki wurin uwarki, kunnena ya gaji." Da ta ce likita za ta zama, yayyenta suka yi ta dariya, domin ko kaza za a yanka sai ta ɓuya a bayan ƙofa. Ta yi karatun ta gama, kuma da kanta ta zaɓi ɗakin gaggawa.

Wata rana da hantsi aka turo wani kafinta a kan gado, matarsa na biye riƙe da takalmansa. Amai ya galabaitar da shi, idanu sun faɗa, ana kiransa ba ya amsawa. Babbar nas ta auna jininsa ta ce ya yi ƙasa ƙwarai. Aka sa masa ruwa, leda ta ƙare, aka ɗaura wata, awon bai motsa ba.

Likita ta ja matar gefe. "Yaya, tun yaushe yake haka?"

"Ya daɗe yana rama, Likita. Maganin zazzaɓin sauro mun sha, na taifod mun sha, babu kemis ɗin da bai san mu ba. In ya miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe shi. Zarto ma ya gagare shi."

"Sai kuma me?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Ba komai. Sai dai wani abin kunya. Gishiri yake lasa kamar akuya. In na ɓoye ya nemo."

Likita ta juya da sauri. Ta koma bakin gadon, ta kama hannun kafintan ta buɗe. Zanen tafin hannun ya yi baƙi ƙirin kamar an bi shi da gawayi. Ta ɗaga leɓensa, ga baƙaƙen tabo a dasashi.

"Da can haka launin jikinsa yake?"

"Ina! Ai da ya fi ni haske. Mun ɗauka rana ce ta dafa shi."

Sau ɗaya ta taɓa ganin irin wannan, tun tana ɗaliba. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke fitar da sinadarin da ke riƙe ƙarfin jini da gishirin jiki. In ta daina aiki, mutum zai yi ta narkewa a hankali, rana ɗaya kuma ya zube, ko an ɗura masa ruwan duniya ba zai tashi ba sai an ba shi wannan sinadarin.

Ta ce a ɗebi jini a kai gwaji, a kawo allurar wannan sinadarin yanzu. Abokin aikinta ya ce, "Ba za mu jira sakamako ba?"

"A ɗebi jinin dai. Sakamakon ya zo ya same shi da rai."

Da hannunta ta tura allurar a jijiya. Ta tsaya a wurin, tana tuna duk sauran cututtukan da ka iya kama da wannan, tana cire su ɗaya bayan ɗaya. Babbar nas na auna jini tana kallonta. Can sai ta ce, "Likita, ya fara hawa." Kafin la'asar kafinta ya buɗe ido, ya dubi silin, ya dubi matarsa, ya ce, "Wa ya rufe shago?" Matar ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka tana dariya.

Gwaji ya tabbatar da zatonta. Ba ta tsaya nan ba, sai da ta bi sawu ta gano tarin fuka ne ya ɓuya ya cinye tsokar, aka ɗora shi a kan maganinsa shi ma. Ranar sallama ta zaunar da su biyun. Ta ɗaga ƙwayar da za ta maye gurbin sinadarin nan, ta ce wa kafinta, "Wannan ƙwayar abokiyar zamanka ce har abada. In zazzaɓi ya kama ka, a ninka. In amai ya hana ta zama, ku taho da gudu, kada ku tsaya neman mayafi." Matar ta ce, "Ni ce ke riƙe da ita, Likita. Shi ko ƙusa ya ajiye sai ya neme ta."

A gida Likita ba ta cika kawo hirar aiki ba. Mijinta, malamin makaranta, yakan ce shi ya ɗaura aure amma asibiti ne ya tare da amarya. Ran nan kuwa ta shigo tana 'yar waƙa, ta ajiye jaka ta zauna cikin yara.

"Lafiya, Maman yara? Ƙarin girma aka yi miki?"

"Wani mutum ne ya tafi gida da ƙafarsa."

"Ai kullum ana tafiya."

"Wannan daban ne," in ji ta, ta jawo kwano ta ba su labarin tun daga farko, abinci na hucewa ba wanda ya kula.

Har yau tana ɗakin gaggawa, furfura ta fara leƙowa daga gefen ɗankwali. An yi mata tayin ofis mai sanyi a hawa na sama, ta yi godiya ta ce a ba wani. In likitocin wasu asibitoci suka haɗu da ciwon da ya ɗaure musu kai, lambarta suke nema, ita kuma tana ɗauka ko da cokali na hannunta.