Habsu Mai Kunun Kanwa

A Gure, zamanin da ayarin raƙuma ke ɗaukar kanwa daga kwarurukan Manga zuwa kudu, an yi wata mata ana ce mata Habsu, matar Umara mai haƙar kanwa. Ƴar manoman Kelle ce, aure ya kawo ta gari. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma da wuya a yi maijego a unguwarsu ba ta sha kunun kanwa daga hannunta ba.

Ita kanwa ba hali ɗaya gare ta ba. Ta wannan kwari kaifi gare ta, ta wancan sanyi. In ta yi kaɗan a miyar yakuwa, tsami ya kashe haƙora. In ta yi yawa, miya ta yi ɗaci da santsi. Habsu kuwa harshenta ne ma'auninta. Ta lasa sau ɗaya, ta san abin da tukunya za ta ɗauka.

Shekarar da fara ta cinye gero, zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita har aka fid da rai. Ta tashi, amma ɗanɗano ya bar bakinta, zuma da toka duk ɗaya. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa, ta ci gaba da damu da ƙiyasi.

Ana nan sai Rakiya, matar Ɗan Talata ɗan tireda, ta haihu. Habsu ta dama kunu da wata sabuwar kanwa da Umara ya kawo daga Bune. Rakiya ta sha, bakinta ya saluɓe, ciki ya yi ta murɗa mata. Uwarta ta mayar wa Habsu da ƙwaryar da kanta, ta ce:

"Yaya Habsu, ko idonki ne ya fara rauni?"

Habsu ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. "Ba ido ba ne, ƴar'uwa. Bakin ne ya mutu tun ciwon nan."

Daga ranar ta kife tukunyarta. Ta koma taya maƙwabciyarta Kellu, wata Babarbariya, ban ruwa a lambu. Wata rana da hantsi Kellu ta jiƙa soɓorodo ya yi ja wur. Habsu ta taso daga jiƙa wa awaki kanwa, hannunta na ɗiga, ta miƙa za ta ɗauki ƙwaryar. Ruwan hannun ya faɗa ciki, nan take wurin ya yi duhu.

"Kin ɓata mini abin sha!" in ji Kellu.

"Tsaya, ƙawa. Bar mini shi."

Ta kai gida ta rarraba a ƴan ƙoƙuna, tana ɗiga ruwan kanwa tana kallo. Ja ya koma launin hanta, in ta ƙara sai ya juye kore-kore kamar gansakuka. Kanwa mai kaifi da wuri take juya shi, mai sanyi sai an yi ta zubawa.

Da Umara ya dawo daga kwari, ta dama kunu kaɗan ta miƙa masa.

"Maigida, ara mini bakinka."

Ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Ya yi yawa."

Ta sake damawa. Haka suka yi ta yi har damina ta faɗi, shi yana ɗanɗanawa, ita tana riƙe launi a ranta, har ta kai in ta gwada kanwa a ludayin soɓorodo ta san iyakar da za ta zuba.

Mutane ba su dawo da sauri ba. Kellu ce ta fara saye, tana sha a bakin ƙofa don a gani. Da Rakiya ta sake haihuwa, ita da kanta ta aiko a kira Habsu, ta shanye ƙwarya guda a gabanta, ta ce a ƙaro.

Ɗanɗanon dai bai komo ba har ƙarshen ranta, shi ya sa ba ta cin abinci sosai, ta rame. Sai Umara ya ɗauki wata ɗabi'a da maƙwabta suka yi ta yi masa dariya a kai: ya bar cin tuwo da maza a zaure, ya riƙa zama kusa da ita, yana ci yana ba ta labarin miyar, inda daddawa ta fito da inda yaji ya tsaya. Ita kuma tana saurare, tana kai loma.