Allon Dame Da Ba Ƙusa Ba Gam

Daga Salaga har Bawku, a shekarun tamanin da wani abu, ba a haifi mai hannu irin nawa ba. Ni mai sayar da doya ne, amma in na riƙe zarto, kafintoci sukan rufe shago su tafi gona don kunya.

Abin da ya tunzura ni kuwa taubashina ne, ɗan kawuna, direban babbar motar doya. Duk sanda ya sauka Salaga sai mu zauna gindin mangwaron tasha mu buga dame, wato darar Turawa, a kan wani tsohon falanki da aka zana wa gidaje da gawayi. Ya cinye ni, ya kuma ce falankin ma ya fi ƙarfina. Na rantse gaban jama'a zan ƙera allon da babu irinsa, gida ɗari, fari da baƙi, kowanne gutsuren katako daban, ba ƙusa ba gam.

Baƙaƙen gidajen na icen kanya ne, daga Yendi aka kawo mini. Na kafa tebur bayan rumbun doya. Kowane gida bai wuce faɗin akwatin ashana ba. In yanka da siririn zarto, in goga da magagari, in hura, in gwada. In ya shige da ɗan ƙara “ƙyas”, sai in tashi in taka rawa ni kaɗai. In gashin gira zai iya ratsa tsakani, in jefar in sake. Uwargida ta ce garin katakon da ta share a watannin nan zai toya ƙosan unguwa. Da na gama, na kife allon, ko ɗaya bai faɗo ba. Na zaga zango da shi a ka kamar amarya.

Abu guda na manta. Mutanenmu ba sa ajiye ɗan dame, maka shi suke yi, yadda na ƙarshen tasha zai san an ci wani.

Taubashi ya iso daga Bawku, aka cika gindin mangwaro. Ya shafa allon ya ce, “Kai bawana, kai ka yi wannan?”

Na ce, “Ubangidanka dai. Zauna ka sha kashi.”

Wasa ya yi zafi, ya hango 'ya'yana uku a jere. Ya ɗaga hannu har sama da hularsa ya sauke, tim! Gidajen suka yi tsalle kamar gugguru a kasko. Wani gidan ya faɗa ƙoƙon mai shayi, kaza ta tsere da wani. Dattawa da manyan riguna suna rarrafe cikin doya suna tsinta, dariya har da hawaye, ni ma ina ciki.

Taubashi ya zuba mini gutsattsarin a tafin hannu ya ce, “Bawana, duk wanda na ci a garin nan 'ya'ya kawai yake ba ni. Kai ne na farko da ya haɗa mini da gidajen.”