Ɓerayen Yaya da Wandon Baba

Lokacin cirar gyaɗa ne Yayata ta zo hutu daga jami'a. Muna tsinkar gyaɗa a tsakar gida take ba mu labarin aikinta: ɓeraye take kula da su a ɗakin gwaji. An cire wa wasunsu ƙwayar gado guda ɗaya, irin wadda ɗa ke ɗaukowa daga iyaye. Waɗanda aka cire wa, in babban hanjinsu ya kumbura ba ya saurin lafawa, wasu ma har ya zama ciwon daji.

Inna ta ce, "Mu muna kashe su a rumbu, ke an kai ki birni kiwonsu."

Kowa ya yi dariya. Yaya ta ce kullum da safe tana auna nauyinsu, ta duba kashinsu. Rama da jini su ne ke fara nunawa.

Hannuna ya tsaya a kan gyaɗar. Ni ce mai wankin Baba. Tun damina nake ganin ɗigon jini a wandunansa, kuma ƙullin zariyarsa ya matsa daga inda ya saba, har tsohon wurin ya bar shaida. A garinmu duk jinin da ya fito ta nan basir ne, maganinsa jiƙon da Baba ke sayowa a kasuwar Ɗanbatta. Kuma ’ya ba ta buɗe baki a kan irin wannan.

Na yini da maganar a ƙirjina. Washegari Yaya za ta koma. Da la'asar na kasa faɗa, sai na ja ta bayan ɗaki, na miƙa mata wandon da ban wanke ba. Ta daɗe tana kallo.

Ita ta gaya wa Inna, Inna ta shiga wurin Baba da maganar zuwa asibiti. Muna jiyo shi yana cewa shi ba ɓera ba ne, ga gyaɗa a ƙasa, wa zai bar wa? Sai muryar Inna, ƙasa-ƙasa: "Malam, gyaɗa ana shuka wata."

Da Baba ya fito bai dube ni ba.

Da safe Baba da Yaya suka hau mota tare zuwa Kano. Likita ya ce hanjin ya kumbura ƙwarai, amma bai kai ga abin da muke tsoro ba, sai dai a riƙa dubawa.

Tun daga nan Baba da kansa yake wanke wandunansa. Riguna kawai yake ba ni.