Musayar Kyaftin a Shagon Alƙali

Mai askin da ke kwanar layin, tsakanin kemis da shagon gyaran waya, ba wanda ya san shi da wani suna sai Alƙali. Bai taɓa taka kotu ba ko da sunan shaida. A bakin aiki sunan ya same shi, domin duk musun ƙwallon kwando da aka ɗauko a unguwar, a shagonsa yake ƙarewa, kuma shi ke yanke hukunci. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, wanda ko ya yi tsalle ba zai taɓo ragar kwando ba. Amma in ya fara zayyano yadda ya kamata koci ya jera 'yan wasa, sai ka rantse da shi aka kafa gasar.

Shagon ba wani babba ba ne. Kujerun aski biyu, ɗaya ta daina juyawa tuntuni, sai dogon benci da ya sha goga har ya yi santsi, da talabijin a maƙale saman ƙofa. Tutar ƙungiyar garin tana rataye a gefen madubi, ta koɗe saboda hoda da rana. Nan Alƙali ya yi rayuwarsa tun yana saurayi, nan ya tara abin aure, nan ya yi furfura, kuma a iya saninsa ba a taɓa kayar da shi a musu ba.

Dalilin haka kowa ya gano shi, ban da shi. Alƙali ba ya tanka wa mutum yana kan benci. Sai ya bar ka ka yi ta ɗaga murya har layi ya zo kanka. Da ka zauna ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, ya ɗora yatsu biyu a tsakar kanka ya sunkuyar da kai, to, a lokacin bakinsa ke buɗewa. Ka ɗan yunƙura za ka ba da amsa, ya ce kar ka motsa. Hujjarsa mafi nauyi kuwa ajiye ta yake sai aska ta iso ƙarƙashin haɓa. Wa zai yi gardama a wannan wurin? In ya ji shiru sai ya juya wajen benci ya sanar cewa mutumin ya yarda, kuma har ransa haka ya ɗauka.

Son ƙungiyar gado ne. Mahaifinsu direban bas ne, shi ya riƙa kai shi da yayansa filin wasa tun suna ƙanana. Yayan, wanda Alƙali da duk 'yan shagon ke kira Yaya, makanikin injuna ne a wata masana'antar kwalabe, can bayan gari. Mutum ne mai nauyin baki. Bayan rasuwar mahaifinsu ba wani saɓani da ya shiga tsakaninsu, hira ce dai ta ƙafe, kowa iyali da aiki suka ɗauke shi. Abin da ya rage musu shi ne askin ranar Asabar, da kujeru biyu maƙwabta a filin wasa. Yaya mai sanƙo ne, abin askewa a kansa bai taka kara ya karya ba, amma ba ya fashin zuwa. Alƙali ya san dalili sarai ko da bai taɓa furtawa ba: in aka cire ƙwallon kwando tsakaninsu, gaisuwa kaɗai za ta rage, kuma yana tsoron wannan ranar.

Ana nan sai labari ya fashe cewa ƙungiya ta yi musayar Kyaftin. Wannan ɗan wasa ya daɗe a garin har yara sun zaci a fili aka haife shi. Shi ya ɗauko musu kofi, shi ya yi wasa da karyayyen yatsa. To amma hukumar gasar ta sa wa kowace ƙungiya iyaka a kan jimillar albashin da za ta biya 'yan wasanta, kuma Kyaftin shi kaɗai ya cinye babban kaso, ga gwiwa ta fara ba shi matsala. Sai shugabannin suka miƙa shi ga wata ƙungiya, suka karɓi matasa biyu masu ƙaramin albashi, domin su sami sararin ɗauko wani gwani a kaka mai zuwa.

Washegari da hantsi shagon ya cika maƙil, rabin mutanen ba aski ya kawo su ba. Dogo, direban tasi, ya ajiye motarsa a karkace ya shigo yana cewa wannan butulci ne tsagwaronsa, kuma shi da ƙungiyar sun raba gari. Mai kemis ya leƙo ya ce matasan biyu ko iyayensu ba su san suna ƙwallo ba. Wani ya ce ai da koci aka kora, da an huta. Alƙali yana wasa aska yana murmushi, ya bar Dogo ya gama kumfar baki, sannan ya nuna masa kujera. Kafin a gama gyara masa ƙeya an bayyana masa cewa albashin koci ba ya cikin lissafin iyakar, korarsa ba za ta buɗe ko taga ba. An kuma nuna masa shagon da yake zaune a ciki: wurin kujera biyu ne, in kana son sabuwa dole ka fitar da ɗaya. Dogo ya tashi da kai fes da baki a rufe.

A cikin wannan hayaniya Yaya ya shigo. Ranar aiki ce, ba Asabar ba, kuma shuɗin kayan aikinsa na jikinsa tsaf, ko ɗigon baƙin mai babu. Alƙali ya lura, amma ya ɗauka zafin labarin Kyaftin ne ya fito da shi, har abin ya ba shi dariya. Aka matsa wa Yaya a benci. Ya zauna ya saurara, can ya ce a hankali, "Ba a kyauta wa mutumin nan ba."

Alƙali ya kakkaɓe kujera ya ce Yaya ya bismillah, manya ba sa bin layi. Ya ɗaura ƙyalle, ya shafa kumfa, ya ɗaga haɓar yayansa sama.

"Yaya, ƙungiya fa ba gidan ajiye tsofaffi ba ce," in ji shi, aska na tafiya. "Mutum ya tsufa, ƙafa ta tafi, ga shi yana cin albashin mutum uku. Abin da ya yi a baya ai an biya shi. In ana son gida ya ci gaba, sai a buɗe wa tsoho ƙofa a yi masa fatan alheri. Tausayi ba ya jefa ƙwallo a kwando."

Ya ji maƙogwaron Yaya ya motsa a ƙarƙashin yatsunsa, ya ce masa kar ya motsa. Da ya gama ya juya wajen benci ya ce, to, kun ji shiru, Yaya ma ya yarda. Aka yi dariya. Yaya ya miƙe, ya dubi fuskarsa a madubi, ya sa hannu a aljihu ya ajiye kuɗin aski a kan kanta, ya fita. Tunda aka buɗe shagon bai taɓa biya ba, ba a kuma taɓa tambayarsa ba.

Asabar ta zo, babu Yaya. Wata ta sake zuwa, shiru. In Alƙali ya buga waya, amsar ba ta wuce lafiya lau, a gaida yara. Ya gaya wa 'yan shago cewa fushin ƙwallo ne, da matasan nan sun fara cin wasa zai dawo da ƙafarsa. Da ƙarfin gwiwa yake faɗa, amma duk wanda ya turo ƙofa ranar Asabar sai ya ɗaga kai ya duba.

Matarsa ce ta fasa masa ƙwan, wata safiya tana zuba masa shayi. Ta tambaye shi ko da gaske bai san an sallami Yaya daga aiki ba. Matar Yaya ce ta gaya mata. Masana'antar ta ce tana rage kashe kuɗi, ta ɗauki samari biyu da suka fito daga makarantar koyon sana'a, su biyun ba su kai albashinsa ba. Da safe aka kira shi ofis aka gaya masa, ko injin bai taɓa ba.

"Daga can wajenka ya nufa," in ji ta. "Ko gida bai biya ba."

Alƙali ya ajiye kofin. Maganganunsa suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya, har da dariyar 'yan benci, kunya ta rufe shi tun daga kai har tafin ƙafa. Mutum ya kwaso baƙin cikinsa ya kawo wa ƙaninsa, shi kuma ya ɗora masa aska a wuya ya karanta masa dalilan korarsa. Sai dai Alƙali ba mai kwanciya da nadama ba ne. Ya ɗauki jakar kayan askinsa, bai ko bi ta shago ba, ya hau mota sai gidan Yaya.

Ya same shi a tsakar falo, an shimfiɗa tsofaffin jaridu, an baje injin jan ruwan wani maƙwabci gunduwa-gunduwa. Gemu ya tofo masa fari fat. Matar Yaya ta amsa gaisuwa, ta kawo ruwa, ta ja ƙofar kicin. Alƙali ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya rabu da yi tun suna samari, ya ce ya ji abin da ya faru, ya yi kuskure, a yafe masa. Hannunsa kuma, saboda sabo, ya riga ya fara zuge jaka.

"Ajiye jakar nan," in ji Yaya. "Yau sai ka ji ni tukuna."

Ya ajiye. Yaya ya yi magana yana goge wani ƙarfe da tsumma, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ma ya iya lissafi, ya san albashinsa ya yi nauyi, ya san samarin sun fi shi saurin hawa tsani. Ba wannan ya ci masa rai ba. Shekara da shekaru yana jin ciwon injunan nan tun kafin su tsaya, amma ba wanda ya zaunar da shi ya ce ga halin da ake ciki, me ka gani. Da an tambaye shi, da ya yarda a rage masa, ya zauna ya koya wa yaran aiki. An yanke magana a kansa yana waje, aka kira shi don ya ji kawai.

"Kyaftin ma a waya ya gani, kamar kowa," in ji shi. "Na zo in gaya maka, na tarar kai ma ka gama yanke hukunci."

Amsa ta taso wa Alƙali har bakin leɓe, domin ya san dokar gasa ba ta barin a rage kwantiragin ɗan wasa a tsakiyar wa'adi. Ya haɗiye ta. Ta yi masa ɗaci, amma ta wuce.

Yaya ya ce kada a yi masa kallon tausayi. Injunan unguwar nan kaɗai sun ishe shi aiki, har ya fara neman ƙaramin shagon da zai kama. Sannan ya faɗi abin da Alƙali ya fi tsoro: shi yanzu ƙungiyar da Kyaftin ya koma, ita yake goyon baya, ya bar musu ƙungiyarsu da lissafinta. Alƙali ya ce to, ai ƙungiyar Kyaftin za ta zo garin nan wasa, kuma kujerar da ke kusa da tasa ba ta da wani mai ita. Yaya dai ya miƙa masa sufana ya riƙe masa.

Ranar wasan da la'asar, Alƙali yana zaune 'yan wasa na ɗumama jiki sai ga Yaya yana ratso layi, sanye da rigar ƙungiyar baƙi a tsakiyar dubban masu rigar gida. Wani daga baya ya yi masa ihun maci amana. Alƙali ya miƙe da duk gajartarsa, ya juya ya ce wannan yayansa ne, mai magana ya sauko ya faɗa a kusa. Ba wanda ya sauko.

Matasan biyu sun yi gudu kamar ba su san gajiya ba, ƙungiyar gida ta ci wasan da tazara. Kyaftin bai daɗe a fili ba, amma ya jefa wata mai maki uku daga kusurwa, filin duka ya tashi tsaye, har da waɗanda suka ce gara da ya tafi. A bakin ƙofar fita Dogo ya tare su yana zuga Alƙali ya faɗi nasa, tunda maganarsa ta tabbata. Alƙali ya ce shi yau kallo ya zo.

Sai da suka kama hanya su biyu Yaya ya dube shi ya ce, "Faɗi abin da ke bakinka kafin ya shaƙe ka."

Alƙali ya ce yaran dai sun iya gudu. Yaya ya ce gudu ba shi ne wasa ba, ya ga yadda suka bar kusurwa a buɗe? Alƙali ya ce wannan laifin koci ne. Yaya ya katse shi, shi ma ya katse Yaya, suka tsaya a gefen titi kowa na zana fili a iska da hannu, motar da za su hau ta zo ta wuce ba su gani ba. Alƙali bai ci wannan musun ba, bai ma kusa ba. Amma rabon da ya ji muryar yayansa ta ɗaga haka tun mahaifinsu na da rai, kuma daɗin da ya ji ya sa da wata motar ta tsaya, ya ce su bar ta, su taka da ƙafa.